Sifiri Ba Ya Faɗin Dalili

Kowace safiya a makarantun furamare na Agege, da Idi-Araba, da Mile 12, da Obalende, kafin a fara darasi malamin aji yakan buɗe rajista ya yi kiran suna. Yaron da ya amsa sai a ja masa 'yar karkatacciyar sanda a gaban sunansa, wanda bai amsa ba kuwa a zana masa sifiri. Bayan an dawo daga hutun cin abinci sai a sake, watau sau 2 a rana, sau 10 a mako. In zangon karatu ya ƙare, a tattara jimla a rubuta a katin sakamakon yaro: sau nawa aka buɗe makaranta, sau nawa ya zo, sau nawa ya yi fashi.

Da yawa daga cikin iyaye 'yan Arewa mazauna Ikko ba su taɓa ganin wannan littafi ba, wasu ma ba su san da shi ba. Alhali kuwa babu wata takarda a makaranta da ke ba da shaida a kan 'ya'yansu kamarsa. Da shi hedimasta ke gane yaron da ya daɗe ba a gan shi ba, shi mai duba makarantu ke fara nema in ya zo, kuma daga gare shi ake fitar da ƙididdigar da ke tafiya ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, har ta kai Ma'aikatar Ilmi a Alausa.

To, abin damuwa shi ne sifiri bebe ne. Yarinyar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar kwana 4, da yaron da ubansa ya tafi da shi Sakkwato jana'izar kakansa, da wanda aka tura Oko-Oba ya taya wansa aikin fawa, da wanda ya sa kayan makaranta ya ɓuya a tashar jirgi yana wasa har a tashi, galibi alama guda ke shiga gaban sunansu. Ko inda malami ya san dalilin, sau da yawa a kansa yake tsayawa, ba ya kai ga jimlar da ake aikawa sama. Wanda ke zaune a ofis yana duba ƙididdiga abin da zai gani kawai shi ne makarantun unguwannin Hausawa sun cika sifiri, daga nan sai a koma ga tsohuwar maganar nan cewa Bahaushe ba ya son boko. Maganar tana da zafi, kuma ba a iya ƙaryata ta ko gaskata ta da littafin da bai bambanta mara lafiya da mai gudun makaranta ba.

Fashin ɗan Arewa a Ikko yana da lokutansa, duk wanda ya zauna Agege ya san su. Hausawa sun daɗe a wannan gari, tun zamanin da cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka haɗa shi da Kano, amma har yau akwai dubban magidanta waɗanda ƙafarsu ɗaya tana nan, ɗaya tana gida. Shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, sai kaka ta faɗo a tsakiyar zangon farko. Shuka da noman farko a Arewa suna zuwa ne wajen Yuni da Yuli, daidai lokacin da ake shirin jarrabawar wucewa aji na gaba. Salla kuwa tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, sabo da haka sau da yawa cikin zangon karatu take faɗowa. Gwamnatin Tarayya kwana 2 ta saba bayarwa na hutu, amma wanda ya kwashi iyali ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 ba zai juyo a kwana 2 ba. A nan dole a faɗa wa iyaye gaskiya: mako guda uzuri ne, amma a tafi Babbar Salla a zauna sai an ga bikin ƙanwa da sunan ɗan wa, yaro ya dawo bayan mako 5, wannan ba laifin malami ba ne. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, gwaje-gwajen da ake yi cikin zango suna shiga sakamakon ƙarshe. Yaron da ba ya nan aka yi su ya riga ya yi asara, ko da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a ajin.

Akwai kuma fashin da ba iyaye suka jawo ba. Bayan rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002, da na Mile 12 a Maris ɗin 2016, iyalai sun bar gidajensu ba shiri. Haka nan da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2020, ta kuma tsananta a 2022, sana'ar magidanta da yawa ta tsaya, wasu suka koma gida. Har ila yau an shafe shekaru ana shari'a a kan sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar, kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'yan mata Musulmi wannan 'yanci a watan Yunin 2022. Irin waɗannan abubuwa duk suna barin sawu a rajista, amma sawun sifiri ne kawai.

A Ingila, inda aka koyo wannan al'ada ta kiran suna safe da rana, an daɗe da raba fashi gida biyu, wanda makaranta ta amince da shi da wanda ba ta amince ba. Kowane dalili kuma da harafinsa: rashin lafiya daban, ganin likita daban, ranar ibada daban, makara daban, har da harafin yaron da iyayensa ke tafiye-tafiye sabo da sana'a. Yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na lokacin karatu sai a sa shi cikin masu yawan fashi, a nemi iyayensa. Can har tara ake ci, wadda tun daga Agustan 2024 take farawa daga fam 80. Ba tarar ce abin sha'awa ba. Abin koyi shi ne a san dalili tukuna kafin a yanke hukunci.

Nijeriya ma ai tana da tata dokar. Tun daga shirin ilmin furamare kyauta na 1976 ake ta faman kai yara aji, kuma Alhaji Lateef Jakande, a mulkinsa na 1979 zuwa 1983, ya giggina ajujuwa ya kawar da karatun safe da na yamma a jihar nan. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta, 6 a furamare, 3 a ƙaramar sakandare. Uban da ya ƙi, karon farko gargaɗi ne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, bayan haka Naira 5,000 ko wata 2. Amma da wace shaida za a raba uban da ya hana ɗansa karatu da wanda ɗansa ke kwance asibiti, in littafin shaidar bai raba su ba?

Sabo da haka ya kamata Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jihar Ikko ta umurci malamai su riƙa sa dalili a gaban kowane fashi, kuma dalilan su hau cikin jimlar da ake aikawa ofis. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba. Haruffa 5 ko 6 sun isa: ciwo, tafiya da izini, ranar ibada, makara, sai wanda ba a san dalilinsa ba. Wannan na ƙarshe shi ne za a sa wa ido. Musamman ga 'yan mata, domin ba kasafai ake cire yarinya daga makaranta rana ɗaya ba. Da Juma'a take farawa, sai Litinin ta biyo, sai a ce tana taya uwarta tallan fura ko tuwo a bakin kasuwa, kafin zango ya ƙare an daina ganinta. Malamar da ke riƙe da rajista ita ce ke fara ganin wannan, makonni kafin kowa.

Sai dai malami ba zai rubuta dalilin da ba a gaya masa ba, kuma a nan gizo ke saƙa. Yawancin malaman makarantun nan Yarbanci da Turanci suke ji. Uba yana kasuwa tun asuba, uwa tana cikin gida, ba ta kuwa jin ko ɗaya daga cikin harsunan biyu, yaron da za a aika da saƙo shi ne kuma ba ya nan. In an kira taron iyaye da malamai, kujerun Hausawa su ne a wofi, sa'an nan a zo ana ƙorafi an mai da yaro baya. Fadar Sarkin Hausawan Agege, da sarakunan Hausawa na sauran unguwanni, da limaman Juma'a, da shugabannin 'yan kasuwa suna iya toshe wannan kafa. Samarin da suka gama sakandare suna nan da yawa a kowace unguwa. A ware wa kowace makaranta mutum ɗaya mai jin Hausa da Yarbanci, wanda malami zai kira in yaro ya kwana 3 ba labari, wanda kuma uba zai sa ya rubuta masa layi biyu zuwa ga hedimasta kafin a hau mota: ga sunan yaro, ga ajinsa, ga ranar tafiya, ga ranar dawowa. Limamai kuma su riƙa tunasarwa a huɗubar Juma'ar da ke gaban kowace Salla, tun ba a sayi tikiti ba.

Akwai yaro guda wanda duk wannan gyara ba zai taɓa ba, shi ne wanda sunansa bai shiga rajista ba tun farko. Yana wankin kwano a Alaba Rago ko yana dakon kwandon tumatir a Mile 12, ba a taɓa zana masa sifiri ba domin ba a taɓa kiran sunansa ba. Shi sai masu unguwa sun bi gida-gida, da makarantun allo, sun rubuta sunayen yaran da suka isa shiga aji, sun kai wa hedimasta kafin watan Satumba.