Jiragen ruwan shaƙatawa: Wa ke tsara dokar sutura da ta cin abinci?

A watan Disambar 2024 ne wani ƙaton jirgin ruwa mai suna Aroya ya tashi daga Jidda a karon farko, ɗauke da masu yawon shaƙatawa a tekun Bahar Maliya.

Jirgin, mai tsawon mita 335 da kuma ɗaukar fasinjoji sama da 3,000, ya bambanta da takwarorinsa na Turai da Amurka ta wasu fuskoki: ba a sayar da barasa a cikinsa, babu ɗakin caca, abincinsa na halal ne, an kuma tanadi wuraren salla da wasu sassa da aka keɓe wa mata.

Kamfanin Cruise Saudi, wanda asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya kafa a 2021, shi ne ya mallaki jirgin. An ƙera shi a Jamus a 2017 da sunan World Dream domin kasuwar gabashin Asiya, kuma a wancan lokacin har da gidan caca a cikinsa. Bayan da kamfanin da ya mallake shi a Hong Kong ya durƙushe a 2022 ne Saudiyya ta saye shi, ta sake masa fasali.

Wato gangar jikin jirgin tana nan yadda take, dokar cikinsa ce aka sauya, domin masu biyan kuɗin shigarsa sun sauya. Wannan kuwa darasi ne da 'yan kasuwar Dawanau, duk da cewa suna nesa da teku da kimanin kilomita 1,000, suka daɗe da saninsa a tasu sana'ar.

Asalin dokar

Al'adar yin ado kafin a zauna cin abincin dare a jirgin ruwa ta samo asali ne daga manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Ingila da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20.

A jirgi irin Titanic, wanda ya nutse a 1912, an kasa fasinjoji aji uku, kowane aji da ɗakin cin abincinsa. Attajiran aji na farko kan sauya tufafi da yamma, maza su sa baƙar kwat, mata su sa dogayen riguna, kamar yadda suka saba a gidajensu. Talakawan aji na uku ba a neman haka daga gare su, amma kuma ba su da damar taka wancan ɗakin.

Ke nan tun daga tushe, sutura ta kasance wata katanga ce da ke nuna matsayin kowa.

Sai dai ko a wancan zamanin, kuɗi ya kan sa a sassauta. Cikin ma'aikatan Titanic akwai kuku na musamman da ke dafa wa Yahudawa abinci bisa ƙa'idar addininsu, saboda Yahudawan gabashin Turai masu ƙaura zuwa Amurka na da yawa, kuma kamfanonin jiragen na gasar samun kuɗinsu.

Hausawa ma ba baƙi ba ne a irin waɗannan jirage. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi aikin Hajji ta jirgin ruwa, inda ya bi ta Ingila. Daga baya jiragen kamfanin Elder Dempster suka riƙa jigilar ɗalibai da ma'aikata da 'yan siyasa tsakanin Legas da Ingila. Mafi shahara a cikinsu, Aureol, ya yi aiki daga 1951 zuwa 1974, kafin jirgin sama ya kashe masa kasuwa. Bayan ya bar wannan hanya, a Jidda aka ɗaure shi ya zama masaukin ma'aikata.

Yawancin alhazan da suka ƙetare teku a wancan zamani kuwa ta ƙasa suka bi, suka ratsa Chadi da Sudan cikin watanni ko shekaru, sannan suka shiga jirgi a Suwakin ko Port Sudan zuwa Jidda. Kowa da guzurinsa, dokar sutura ɗaya da ta dame su ita ce ta ɗaura harami in an zo daidai da miƙati, wadda ke mayar da sarki da talaka kamar juna.

Yadda abin yake a yau

Harkar yawon shaƙatawa a teku ta bunƙasa ƙwarai. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin jiragen ta duniya sun nuna cewa mutane fiye da miliyan 31 ne suka yi irin wannan tafiya a 2023, adadin ya kuma haura miliyan 34 a 2024.

Da yawan jama'a ya ƙaru, sai dokokin suka sassauta. Tun a shekara ta 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya soma janye tilascin sa kwat da na cin abinci a ƙayyadadden lokaci, wasu kamfanoni da dama kuma suka bi sahu.

To amma kamfanonin Birtaniya irin su Cunard sun riƙe al'adar. A jiragensu akwai darare na musamman da ake so namiji ya sa baƙar kwat da laktayi, mace ta sa rigar biki. Wanda bai so, sai ya nufi ɗakin da kowa ke zuba wa kansa abinci. Har yau ma darajar ɗakin da mutum ya kama ce ke nuna ɗakin cin abincin da za a ba shi.

Ko a jiragen da ba su da tsauri, galibi ba a yarda mutum ya shiga babban ɗakin cin abincin dare da kayan ninƙaya ko ba takalmi ba.

Ta fuskar sutura dai Bahaushe ba shi da abin fargaba. Kamfanonin da ke neman baƙar kwat kan amince da tufafin alfarma na ƙasar fasinja a madadinta, don haka babbar riga ta shadda da hular zanna, ko leshi da mayafi, sun wadatar. Bahaushe bai saba fita taro ba tare da ado ba, kuma abin da Bature ke kira shigar alfarma, shi kusan duk Juma'a yana yin ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne kan teburi.

A yawancin jiragen Turai da Amurka, barasa da caca na cikin manyan hanyoyin samun riba, shi ya sa ake bin fasinja da tayin giya tun daga lokacin da ya zauna. Haka nan a kan haɗa mutanen da ba su san juna ba a teburi ɗaya, alhali malamai sun yi hani da zama a teburin da ake shan giya. Mai son teburinsa shi da iyalinsa sai ya nema tun da wuri.

Naman halal ma sai an yi odarsa makonni kafin tafiya, ba kuma kowane jirgi ke samar da shi ba. Abin da kan ceci da yawa shi ne kifi da sauran naman ruwa, waɗanda a mazhabar Malikiyya halal ne gaba ɗaya, ko da yake sai an bincika, domin a kan zuba giya a wasu miya da kayan zaki.

Hatta riƙon cokali da magana a kansa. A tsarin Turai, wuƙa ce a hannun dama, cokali mai yatsu a hagu, da shi ake kai loma baki. Musulmi kuwa an hore shi da ya ci da dama. Babu ma'aikacin da zai kori mutum don ya yanka namansa sannan ya mayar da cokalin dama, hasali ma haka Amurkawa da yawa ke yi. Amma wanda bai san da haka ba zai iya jin cewa dole sai ya zaɓi ɗaya tsakanin sunna da gudun jin kunya.

Akwai kuma tukuici. A wurinmu kyauta ce ta ganin dama, amma a manyan jiragen Amurka ana ɗora shi ne kai tsaye a kan lissafin fasinja, kimanin dala 16 zuwa 20 a kowace rana kan kowane mutum.

Darasin Dawanau

Kasuwar Dawanau, da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a kan hanyar Katsina, an kafa ta ne a tsakiyar shekarun 1980, kuma ana sanya ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Daga sitocinta ne riɗi da zoɓorodo da citta da waken suya ke tafiya Legas a tireloli, a zuba su a kwantenoni zuwa Turkiyya da Japan da Sin da Meksiko.

Duk wanda ke wannan sana'a ya san cewa mai saye ne ke yanka sharaɗi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, ta kuma yi ta tsawaita hanin. Meksiko ma ta taɓa dakatar da sayen zoɓorodon Nijeriya na wasu shekaru saboda ƙwari. Tilas masu fitar da kaya suka koyi tsaftacewa da feshi da auna danshi yadda masu saye ke so.

Abin da Saudiyya ta yi da jirgin Aroya shi ne juya wannan lissafi. Maimakon Musulmi ya shiga jirgin wasu yana neman alfarma, sai aka gina tsarin a kansa, wanda ba Musulmi ba ne zai yi haƙuri da rashin giya.

Ko da yake ana tallata jirgin da al'adun Larabawa, matakin na kasuwanci ne. A ƙarƙashin shirin 2030 da Yarima Muhammad bin Salman ya ƙaddamar a 2016, ƙasar na son rage dogaro da man fetur, ta kuma tsare kuɗin da 'yan ƙasarta ke kashewa wajen hutu a waje. A 2019 ta buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido, ta ɗauke wa baƙi mata tilascin sa abaya, tare da fitar da jerin laifuka 19 na saɓa wa ɗa'a a bainar jama'a, ciki har da shigar da ba ta dace ba.

Abin lura a nan shi ne, ƙasar da ke sassauta dokar sutura a doron ƙasa domin jawo Turawa, ita ce ke tsara wata dokar a kan ruwa domin jawo Musulmi.

Manyan 'yan kasuwar Kano, ciki har da na Dawanau, waɗanda ba sa rabuwa da hanyar Jidda musamman a watan azumi, na cikin irin mutanen da wannan talla za ta iya kaiwa gare su. Ga su da kuɗi, ga iyali masu yawa, ga kuma ƙyamar wuraren hutun da ba su dace da tarbiyyar gida ba.

Halal da almubazzaranci

Sai dai tsarkake tukunya bai kawo ƙarshen muhawarar ba.

Akwai masu ganin cewa hutu da iyali halal ne ga wanda ya fitar da zakkarsa, kuma gara a samu wurin da magidanci zai kai matarsa da 'ya'yansa hankalinsa a kwance. Wasu kuwa na ganin cire giya da caca kaɗai bai isa ba, tun da akwai kiɗe-kiɗe da cuɗanyar maza da mata, ga kuma ɗimbin abincin da ke komawa shara a wuraren da kowa ke ɗiba son ransa.

Batun kuɗi ma ba ƙarami ba ne. Tun da gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta saki naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a hukumance zuwa sama da 1,500 a 2024. Kujerar Hajjin 2025 ta haura naira miliyan 8, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne.

Wannan faɗuwar naira ta amfani masu fitar da kaya waje, waɗanda ake biyansu da dala, amma ta gasa wa ɗan dakon da ke sauke buhunan aya a hannu, da manomin da ke sayen taki. A irin wannan hali, hoton attajiri a bakin teburin alfarma a tsakiyar teku zai iya zama abin magana a unguwa, komai halaccin abin da ke cikin farantinsa.

Ga kuma matsalar hanya. Manyan jiragen shaƙatawa ba su cika tsayawa a Legas ba, kuma ƙaurin sunan da mashigin tekun Gini ya yi wajen fashi bai taimaka ba: a 2020 an sace ma'aikatan jirage 130 a yankin, daga cikin 135 da aka sace a duk duniya, ko da yake lamarin ya ragu sosai daga baya. A Bahar Maliya ma, hare-haren da 'yan Huthi na Yaman suka soma kai wa jirage a ƙarshen 2023 sun sa kamfanoni da dama sun sauya hanya.

Don haka ɗan Nijeriyar da ke sha'awar wannan tafiya sai ya nemi biza, ya biya kuɗin jirgin sama da dala, kafin ma ya ga ruwan.

Abin da za a zuba ido a gani shi ne ko jirage irin Aroya za su iya cin riba ba tare da kuɗin barasa da caca ba. Idan suka iya, manyan kamfanonin Turai da Amurka za su soma tanadin naman halal da wurin salla ba sai an roƙa ba, kamar yadda magabatansu suka ɗauki kukun Yahudawa sama da shekaru 100 da suka wuce. Idan kuwa suka gaza, Musulmin da ya shiga jirgi zai ci gaba da aika takardar neman alfarma makonni kafin ya zauna cin abinci.