Kano Zuwa Landan: Wa Ya Ƙara Mana Nisa?

Jama'a, ku ɗauko taswira mu yi lissafi tare, don abin nan ba ya bukatar babban malami.

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Landan mil 2,770 ne, wato kilomita 4,450 ko kusa da haka. Jirgin zamani yana cinye wannan nisa cikin awa shida. Mutum ya karya kumallo a Fagge, ya yi sallar la'asar a Ingila.

To, yau Bakanon da zai tafi Landan ina yake dosa? Kudu! Ko Abuja ko Ikko. In Ikko ce, ya yi mil 520 yana bai wa Landan baya, awa ɗaya da rabi. Ya sauka, ya kwashi kaya daga filin jiragen gida zuwa na ƙasashen waje, ya zauna jiran jirgin dare. Sa'an nan jirgin ya ɗauke shi ya juyo arewa, ya ƙetare Hamada, mil 3,100, awa shida da rabi. Jimla mil 3,620. An ɗora masa mil 850 na banza, tafiyar awa shida ta zama ta yini da kwana, kuɗin kuma daga aljihunsa.

Kada wani ya ce mana haka Allah ya yi. Kano ce ƙofar sama ta ƙasar nan. Tun cikin watan Nuwamba 1925 jirgin sama ya sauka a Kano. A zamanin Turawa jiragen BOAC da KLM da Sabena a nan suke yada zango su sha mai. Kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya yi shekaru yana ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Landan kai tsaye. Aka bar shi ya ruɓe da bashi, aka rufe shi a 2003. KLM ya naɗe tabarmarsa daga Kano a 2012.

Me mahukunta suka ba mu a madadinsa? A 2018 suka tafi bajen kolin jirage a Ingila suka nuna mana suna da tambarin Nigeria Air. A watan Mayu 2023 aka sauke jirgi ɗaya a Abuja, aka yi ta ɗaukar hoto. Ashe na kamfanin Habasha ne aka shafa wa fenti, ya juya ya koma gida. Kayan aro ba ya rufe katara.

Za su ce kamfanoni ciniki suke bi. Mun ji. Amma wa ke sa hannu a yarjejeniyar jirage da ƙasashen waje? Wa ke yanka haraji a filin jirgi? Wa ke da alhakin gyaransa? Gwamnati ce. Su manya ba su san zafin abin ba, tunda jirgin Landan a ƙofar gidansu yake tashi. Mai jin jiki shi ne ɗan makaranta, da ɗan kasuwa, da majinyacin da ake turawa a keke daga wannan fili zuwa wancan.

Muna kira ga wakilanmu na majalisa, su tashi su tambayi Ministan Jiragen Sama ranar da jirgi zai sake tashi daga Kano ya sauka Landan. Mu ma za mu tambaye su ranar zaɓe.