Shekara 15 ba hatsari, amma kuɗin asiransi ɗaya da na ɗan koyo?

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, a duba mana wannan. Direba ya shekara 15 yana jigilar albasar Galmi, ko akuya bai taɓa bugewa ba, amma in ya je sabunta asiransi kuɗi ɗaya zai biya da yaron da ya karɓi permi jiya. Haba! Sai dai mu ma da laifinmu. Na wata ɗaya muke yanka don jandarma kawai, yau wannan kamfani, gobe wancan, tsohuwar takarda kuma a yar. To da me za mu kafa hujja? Mu adana takardunmu, sandikar direbobi kuma ta matsa wa kamfanoni su ba mu shaidar rashin hatsari a rubuce, mu nemi ragi da ita.