Barin sukari rigakafi ne, ba magani ba

Na sha jin majinyaci yana cewa: "Na bar sukari, shi ya sa na ajiye ƙwayoyina." Wannan ganganci ne. Tabbas rage sukari yana taimakon ƙoda, domin ciwon sukari ne kan gaba wajen lalata siraran jijiyoyinta masu tace jini. Kwalbar lemo mai rabin lita kan ƙunshi kimanin giram 50, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa baligi a yini. Amma ƙodar da ta yi tabo ba ta komawa sabuwa. Ku rage zaƙi, har da zuma, ku riƙe maganinku, ku auna fitsari da jini duk shekara.