Waliyya Ko Mayya? Aikin da Labaran Allo na Japan Ke Ba Mai Fassara

A shekarar 2012 wata ƙaramar ƙungiya a Japan mai suna Novectacle ta fitar da The House in Fata Morgana. Labari ne na allo, wato irin wanda ake karantawa a kwamfuta ko waya, rubutu na tafe da zane da kiɗa, wani lokaci mai karatu ya zaɓi inda labarin zai nufa. A cikinsa wani ruhi ne ya farka a tsohon gida bai san ko shi wane ne ba, wata hadima tana buɗe masa ƙofofi zuwa shekarun 1603, 1707 da 1869, kowace ƙofa da soyayyar da ta ƙare da jini. Tushen masifar kuwa wata yarinya ce, Morgana, wadda aka ɗauka tsarkakakkiya mai jinin warkarwa, aka zalunce ta, ta mutu tana tsinuwa.

Da yawa za su ce wannan wasan yara ne, bai kai a kawo shi sashen kimiyyar harshe ba. Amma ɗalibin da ya gwada mayar da shafi guda cikin Hausa zai canza magana. Me za a kira Morgana? Waliyya kalma ce mai nauyin Musulunci, tsarkin da labarin ke nufi kuwa na Kiristancin Turai ne kamar yadda marubucin Japan ya hange shi. Mayya ta fi muni, domin maita a wurin Bahaushe kama kurwa ce da ake cewa ana shan ta a nono, ba tsinuwar wadda aka zalunta ba. Haka matsalar take a Higurashi no Naku Koro ni, wanda ya fara fitowa a 2002, inda mutanen ƙauyen Hinamizawa ke tsoron fushin Oyashiro-sama. In aka ce gunki, an yanke wa imanin mutanen hukunci tun kafin labari ya soma. In aka ce aljani, an rage masa girman da ɗafin -sama ke ba shi.

Inda ya kamata a nemi mafita bai kai Tokyo nisa ba. Tabelot na gindin dutsen Bagzan a ƙasar Azbin, garin lambunan albasa, kuma Kel Ewey da ke zaune a can sun daɗe suna haɗa Tamajak da Hausa saboda fataucin gishirin Bilma zuwa ƙasar Hausa. A harshensu akwai essuf, kalma guda da ta ƙunshi daji da kaɗaici da kewa, iskokin da ke zaune a cikinsa kuma su ne Kel Essuf. Akwai tamazai, ciwon zuciya da kan kama mace bayan rashi ko son da ba ta da ikon furtawa, ana kuma yi mata magani da kiɗan tende, abin da malaman addini da dama ba sa so. Susan Rasmussen ta yi littafi a kan wannan a 1995. Ke nan imani da juyayi da haramtacciyar soyayya sun riga sun haɗu a ƙamus ɗin mutanen, tun kafin a san kwamfuta.

Abin da ya dace a bincika shi ne yadda mai harshe biyu a Tabelot ke faɗin essuf idan ya juya zuwa Hausa. Daji yake cewa, ko kewa, ko kuwa yana barin kalmar yadda take? Duk dabarar da ya yi, ita ce mai fassarar labarin Japan yake bukata, kuma rikodin hira ashirin a kasuwa zai fi dogon jayayya a aji amfani. (Ba a ce Tamajak da Japananci dangi ba ne, masu neman irin wannan dangantaka su huta.)

Akwai masu tsoron cewa fassara irin waɗannan labarai buɗe ƙofar ɓarna ce. Tsoron ba sabo ba ne: an kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001, an kuma ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a 2007. Gaskiya ne wasu labaran allon, irin Saya no Uta na 2003, suna ɗauke da abin da bai dace da yara ba. Sai dai rashin fassara bai hana mai waya karanta su da Ingilishi ba. Hausa kawai yake hanawa ta gwada ƙarfinta.

Wurin da mai fassara zai fi zamewa shi ne makoki. Mabiya addinin Buddha a Japan suna yi wa mamaci addu'a ta musamman a rana ta 49, Bahaushe kuwa ya san sadakar uku da bakwai da arba'in, matar mamaci ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Hannu zai so ya rubuta arba'in don mai karatu ya ji daɗi. A bar 49 ɗin a wurinta, domin a imaninsu a wannan rana ce ake yanke wa mamacin inda zai koma.