INA LITTAFIN CINIKIN NA'URAR?

A Kasuwar Wunti ta Bauchi babu falken da zai damƙa wa dillali dukiyarsa bai ga lissafin shiga da fita ba. To, don me ɗan Arewa mazaunin Sabo ta Ibadan ko Agege zai miƙa guminsa ga na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wai tana cinikin kuɗin kirifto ba ta faɗuwa?

Irin romon bakan da CBEX ya yi ke nan: na'ura ke ciniki, kuɗi su ninka cikin kwana 30. A watan Afrilun 2025 kuɗi suka maƙale, jama'a suka fasa ofishinsa na Ibadan, Hukumar SEC kuwa ta ce ba shi da rajista. Ashe kallon kitse aka yi wa rogo. Alƙaluman da ke fuskar waya kamfanin ne ke rubuta abinsa.

Littafin ƙwarai yakan nuna ranar ciniki, da farashi, da la'ada, da lambar shaidar da wani daban zai iya bincikawa, balle kwanakin hasara, waɗanda 'yan talla ba su ambata. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa kirifto ƙarƙashin SEC. Lalle sarakunan Hausawan Kudu su nemi takardar rajista da wannan littafi kafin ɗan talla ya shimfiɗa tabarma a unguwa.