Sarautar da Ba Ta da Rawani

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ara mini ɗan filin nan da ka saba ba ni. Da niyyata a wannan mako in yi magana a kan tsadar taki, amma wani abu ya faru a gidanmu wanda ya sa na ajiye wancan zance sai wani jiƙon.

Ina da ƙanwa a nan Dutse wadda ke sana'ar dabino. Tana saye wajen masu gonaki, ta tsince, ta ƙulla a leda, sa'an nan ta ɗauki hotonsa da wayar hannu ta sa a wani shafi da ta buɗe wajen wani kamfani na ƙasar waje, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Ta nan mutanen Kano da Kaduna, har da na Ikko, suke ganin kayanta, su aiko da kuɗi, ita kuwa ta ba direba saƙo a tasha. Shekara uku ke nan da wannan take ɗinka wa 'ya'yanta kayan salla. Ran nan da sassafe sai ga ta da waya a hannu, idonta ya yi ja, ta ce, "Yaya, an rufe mini shago, ban kuwa san laifin da na yi ba. Kai da ka iya rubuta takardar koke, rubuta musu." Na karɓa da ƙarfin zuciya, don rubuta koke aikina ne na kullum. Na rubuta sau uku da Turancin da na fi ƙwarewa a kai, ko wane karo kuwa amsa iri ɗaya ke dawowa tun ban ajiye wayar ba, abin da ya tabbatar mini na'ura ce ke amsawa, ba ɗan Adam ba. Bayan kwana goma sha ɗaya aka buɗe shagon, kamar yadda aka rufe shi, ba dalili, ba ban haƙuri. Masu saye da dama sun riga sun koma wajen wasu.

To, jama'a, hasarar cinikin kwana goma sha ɗaya abu ne da za a iya mayarwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na rasa wanda zan sa sunansa a kan takardar. Tun kaka da kakanni talakan ƙasar nan ya san hanyar kuka: ya je wajen mai unguwa, in abin ya fi ƙarfinsa a kai ga dagaci, daga nan sai hakimi, har magana ta isa fadar Sarki a Garu. Yau kuma ga kansila, ga alƙali, ga ɗan majalisa. Mai yiwuwa ne a share maka hawaye, mai yiwuwa ne a ƙi, amma dai ka ga fuskar wanda ya ƙi, ka san ƙofar gidansa. Wannan kuwa da ya rufe shagon ƙanwata yana da ikon hana mutum abincinsa daga nisan da jirgin sama ma sai ya wuni yana tafiya, ba shi da zaure, ba shi da wakili a garinmu.

Da na koma na duba yadda aka yi muka shiga hannunsa, sai kunya ta kama ni. Ni ne mai yi wa mutane faɗa a ofis kada su dangwala yatsa a takardar da ba a karanta musu ba. Ashe ni da hannuna na buɗe wa yarinyar nan shafin, aka jero mini sharuɗɗa masu tsawon gaske da ƙananan baƙaƙe, na tsallake su duka na danna wurin da aka ce "na yarda". Ina kuma zaton cikin malaman da ke karanta wannan wasiƙa da wuya a sami guda wanda ya karanta nasa har ƙarshe.

Wannan ya tuna mini da wani darasi da aka koya mana a makarantar mishan, wanda a lokacin na ɗauke shi abin haddacewa ne kawai don jarrabawa. Turawan Ingila da suka fara kafa iko a bakin Kwara ba ma'aikatan gwamnati ba ne, 'yan kasuwa ne masu sayen manja. Wani mai suna George Goldie ya haɗa kamfanoninsu suka zama ɗaya. A 1885 suka aiki wani Bature, Joseph Thomson, zuwa Sakkwato da Gwandu, ya komo da takardun yarjejeniya. Su sarakuna abin da suka sani shi ne baƙi sun nemi izinin ciniki, kamfani kuwa ya kai takardun nan Turai yana nuna su a kan shaidar cewa ƙasar ta shiga hannunsa. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba shi takardar izinin mulki, ya zama Royal Niger Company, watau Kamfanin Kwara. Daga nan mai kanti ya sami kotu, ya sami soja, ya sa kuɗin fito a kan kogi har fataken da suka gaji cinikin wurin suka kasa shiga. Mutanen Nembe da abin ya ishe su suka kai wa tasharsa ta Akasa hari a 1895. A 1897 sojan kamfani ne, ba na Sarauniya ba, suka ci Bida da Ilori. Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulkin daga hannunsa, ta biya shi fam 865,000, Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja. Shekara uku bayan haka Kano da Sakkwato suka faɗi. Ku duba fa, ƙasa da mutanen cikinta aka yi wa kuɗi tsakanin kamfani da gwamnatinsa, ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikinmu ba.

Kada wani ya ce Akawu ya zauce, yana kwatanta wayar hannu da bindigar igwa. Na san akwai bambanci, ba ni kuma cikin masu zagin waya. Na yi wayo kafin ta yawaita, na san yadda ake tura yaro a mota daga Dutse zuwa Birnin Kudu don a faɗi rasuwa kawai. Sai a 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, ko wane kamfani ya biya dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki cikin watan Agusta na shekarar. Jiharmu ma ba a bar ta a baya ba, don gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ta kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure da kamfanin Galaxy a nan Dutse, tun mutane da yawa ba su san mene ne intanet ba. Yau manomin riɗi yakan ji farashin kasuwar Shuwarin tun bai ɗaura wa amalanke shanu ba, mai shanu kuma ya ji yadda Maigatari ta ci ran Alhamis yana zaune a rugarsa. Da aka canja kuɗi a farkon 2023 takardar naira ta ɓace, ai da waya aka riƙa sayen ko da barkono ne. Duk wannan alheri ne, wanda ya musa ya yi butulci.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wayar da ke aljihunmu, Tecno ce ko Itel ko Infinix, duka na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin mai suna Transsion. Manhajar da ke tafiyar da ita ta Google ce ta Amurka. Dandalin da muke hira da ciniki a kansa, Facebook da WhatsApp da Instagram, duka na mutum ɗaya ne da kamfaninsa Meta. Ba su karɓar ko kwabo a hannunmu kafin mu shiga, domin abin da suke samu ya fi kwabo: sun san sunanka da na abokanka, da inda ka kwana, da abin da ka tsaya kana kallo, da wannan sani kuwa suke sayar wa masu talla hanyar isa gare ka. Mai tallan sabulu yana saye, mai tallan ɗan takara ma yana saye. A 2018 aka tona cewa wani kamfanin Ingila, Cambridge Analytica, ya kwashi bayanan mutane wajen miliyan 87 daga Facebook don aikin zaɓe, jaridun Ingila kuma suka ba da labarin cewa an yi hayarsa ya sa hannu a zaɓenmu na 2015. Can Amurka, attajirin nan Elon Musk ya sayi Twitter a 2022 a kan dala biliyan 44, ya sake masa suna X, ya kashe fiye da dala miliyan 250 wajen taya Donald Trump neman zaɓe a 2024, da aka ci kuma aka ba shi aiki a gwamnati na 'yan watanni a 2025. Idan ƙasa mai ƙarfi irin wannan dandalin maganarta ya koma hannun attajiri ɗaya mai ɗan takararsa, ina ga mu?

Gwamnatinmu ta sha gwada ƙarfi da waɗannan kamfanoni, ya kuwa kamata mu lura da yadda ake ƙarewa. A 2015 an ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka fiye da miliyan 5 da bai yanke ba alhali ba a yi musu rajista ba. Ana cikin ja-in-ja Shugaba Zuma na Afirka ta Kudu, ƙasar da kamfanin ya fito, ya kawo ziyara Abuja a watan Maris na 2016, a watan Yuni aka daidaita a kan biliyan 330. Ban ce ziyarar ce ta rage kuɗin ba, na dai faɗi yadda abubuwa suka bi juna.

Na Twitter ya fi wannan koya darasi. Ran 2 ga Yuni 2021 kamfanin ya goge wata magana da Shugaba Buhari ya rubuta, ya ce ta saɓa wa dokarsa. Bayan kwana biyu gwamnati ta ba da sanarwar dakatar da shi a ƙasar nan, ba a buɗe ba sai ran 13 ga Janairu 2022, bayan ya yarda zai yi rajista a Nijeriya, ya naɗa wakili, ya kuma biya haraji. Wanda ya shugabanci kwamitin sasantawar ma ɗan jiharmu ne, Kashifu Inuwa Abdullahi na Haɗeja. A ofishinmu an yi ta gardama a kan wannan. Waɗansu suka ce gwamnati ta kyauta, don bai dace baƙo ya toshe bakin shugaban ƙasa a cikin ƙasarsa ba. Waɗansu suka ce ta yi zalunci, daga baya kuma kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a watan Yuli na 2022 cewa rufewar ta saɓa wa doka. Ni dai abin da na gani shi ne wata bakwai ana yi, manya suna shiga ta ɓarauniyar hanya suna ci gaba da rubutunsu, masu ƙananan sana'a irin ƙanwata ne suka yi hasara. Da aka zauna sulhu kuwa, haraji da rajista da mutuncin gwamnati aka fi ji ana faɗi. Haka kuma da hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024 saboda yadda yake yi da bayananmu, kotu ta tabbatar a Afrilu na 2025, sai kamfanin ya ce abin zai iya tilasta masa ya rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. Watau ya san inda ke mana ciwo. Ya san akwai dubban mata a Dutse da Kiyawa da Jahun waɗanda in an rufe, gwamnati za su zaga, ba shi ba.

Saboda haka ba na goyon bayan rufewa, ko daga wane ɓangare ta zo. Roƙona ga shugabanninmu ƙarami ne, irin na akawu. Duk kamfanin da ke cin riba da miliyoyin mutanen ƙasar nan, a wajabta masa ya buɗe wurin kai kuka inda ɗan Adam ne zai amsa, mai jin Hausa, a kuma ƙayyade masa kwanakin da zai ba da amsa. In zai rufe wa mutum shafi, ya rubuta masa laifinsa. Sharuɗɗan nan kuma a taƙaita su a shafi ɗaya da harshen da muke ji, ba fassarar na'ura ba wadda Bahaushe zai karanta ya rasa gabanta da bayanta. 'Yan majalisarmu na tarayya daga Jigawa suna da bakin da za su kawo wannan magana, sai dai in ba su so ba.

Ku kuma malaman makaranta, kamar yadda kuke koya wa yara rubuta wasiƙa, ku ware ko da rabin sa'a ku buɗe musu sharuɗɗan nan ku karanta tare, su ji abin da suke ba da izini a kansa. Ƙanwata dai na saya mata littafi na naira ɗari biyar, ta kwafe sunan ko wane mai saye da lambarsa da tawada, ta ajiye cikin akwati ƙarƙashin gado. Ta yi mini dariya, ta ce na mai da ita zamanin da, amma ta kwafe.

In akwai wani cikin masu karatu da irin wannan ta taɓa samunsa, ina roƙo ya rubuto wa Edita yadda ya yi aka saurare shi, da kwana nawa ya jira. In wasiƙun sun taru zan haɗa su cikin takarda guda in aika wa wakilinmu a majalisa. Maganar taki kuwa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu, Dutse.